Zaure a Bayan Gida: Yadda Aikin Garejinmu Ke Tafiya a Melbon

Lahadi, 5 ga Maris, 2023

Yau na kwashe tarkacen da ya yi shekara shida a jibge cikin garejin gidanmu da ke unguwar Sunshine, a yammacin birnin Melbon, kuma na ƙudura cewa zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya da kwanan wata, don in san inda na tsaya duk lokacin da aikin ofis ya ɗauke ni mako biyu ko uku. Garejin yana da tsawon mita 6 da faɗin mita 3.6. Ginin katako ne da aka lulluɓe da faifan siminti, rufinsa na kwano, ƙofarsa kuma irin ta ƙarfen nan ce mai naɗewa sama, tana kallon titi. Abin da nake so ya koma shi ne zaure.

Gidajen ƙasar nan ba su san zaure ba. Baƙo idan ya zo, ko dai ya tsaya a bakin ƙofa a gama magana a tsaye, ko kuma ya faɗo tsakiyar iyali kai tsaye, shi ya sa mutane ba sa zuwa sai an sa rana an sa lokaci. A gidan mahaifina a Zariya, mutum yana iya wucewa ya ga tabarma a shimfiɗe ya zauna, ba tare da ya shirya dalilin zuwansa ba, kuma wannan ne abin da na fi kewa tun da na zo Ostareliya. Abu uku nake so ɗakin ya ɗauka: zaman hira, kallon futi, wato ƙwallon ƙafa irin ta Ostareliya, tare da maƙwabta, da kuma kiɗan da muke yi ranar Asabar ni da abokaina biyu, wani Bahaushen Damagaram mai kalangu da wani Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno, mai kaɗa udu, wani irin molo na Larabawa. Shekara biyu ke nan muna yawo da kayan kiɗanmu daga falon wannan zuwa na wancan, matanmu suna haƙuri da mu.

Na riga na samu izinin gini, domin a jihar Victoria ba a mayar da gareji ɗakin zama sai da shi, kuma dole tsayin ɗakin daga daɓe zuwa silin ya kai mita 2.4. Namu ya haura da santimita biyar kacal, don haka duk abin da zan ƙara a ƙasa ko a sama sai na yi lissafinsa da kyau.

Asabar, 18 ga Maris

Ba a taɓa bango ba tukuna. Maƙwabcina na hannun dama, tsohon kafinta ne da ya haura shekara saba'in, wanda a gidanmu muke kira Dattijo, ya leƙo ta saman shinge ya ga guduma a hannuna, ya ce in ajiye ta. Ya ƙwanƙwasa faifan da yatsa, ya nuna mini ɗigo-ɗigon da ke bayansa, ya ce kusan duk ginin unguwar nan da aka yi kafin 1990 yana da asbestos. Gwaji ya tabbatar da maganarsa. An haramta asbestos gaba ɗaya a ƙasar nan tun ƙarshen 2003, saboda ƙurarsa tana maƙalewa a huhu ta haifar da cutar daji bayan shekaru masu yawa. Na tuna yadda muke fasa irin wannan silin da hannu a gida muna yara, muna zane da gutsurensa a ƙasa kamar alli, sai jikina ya yi sanyi. Masu lasisin cirewa za su zo ranar Laraba.

Tun da ba aikin yi, shekaranjiya Alhamis mun kalli buɗe kakar futi ta bana a falo, Richmond da Carlton a filin MCG, aka tashi kunnen doki, maki 58 da 58. Ga wanda bai san wasan ba, filin futi ƙwai-ƙwai yake, ya fi filin ƙwallon ƙafar da muka sani girma nesa ba kusa ba, kowane ɓangare 'yan wasa 18. A kowane ƙarshe akwai sanduna huɗu ba tare da raga ba: idan aka buga ƙwallo da ƙafa ta wuce tsakanin manyan biyu na tsakiya, maki shida ke nan, idan kuwa ta bi ta gefe ko ta taɓa sanda, maki ɗaya. Ana riƙe ƙwallo a hannu a gudu da ita, da sharaɗin a buga ta ƙasa duk bayan mita 15, ba a jefa ta sai dai a naushe ta daga tafin hannu, kuma wanda ya cafe bugun da ya kai mita 15 kafin ya taɓa ƙasa, ana ba shi sarari ya buga ba mai taɓa shi. Wannan cafkar ita ce ta fara kama zuciyata, musamman idan ɗan wasa ya taka kafaɗar wani ya tashi sama kamar shaho. An rubuta dokokin farko a nan Melbon a 1859, kuma har yau ƙungiyoyi 9 daga cikin 18 na gasar AFL a wannan birnin suke.

Ni Western Bulldogs nake goya wa baya, domin ita ce ƙungiyar yammacin gari, gidanta Whitten Oval yana Footscray, tasha kaɗan daga nan a jirgin ƙasa. Ɗiyata ta zaɓi Carlton saboda Adam Saad, Musulmi ɗan asalin Lebanon da ke tsaron baya. Dattijo kuwa ɗan Collingwood ne tun daga kakansa. Wasan nan ne ya fara haɗa ni magana da shi shekara shida da suka wuce, lokacin da tambayarsa ta farko ba ta ƙasar da na fito ba ce, ta ƙungiyar da nake bi ce.

Asabar, 1 ga Afirilu

An cire asbestos, an bar mini kwarangwal ɗin katako tsirara. Ginshiƙai huɗu na bangon kudu sun ruɓe daga ƙasa, inda ruwan indararo ya shekara yana zuba, na canza su da sabon katako mai kaurin milimita 90 da 45. Azumi ya kama tun makon jiya, don haka aikin safe nake yi, daga ƙarfe tara da doka ta yarda a tayar da injin zarto a ƙarshen mako, zuwa azahar. Kiɗa kuma mun jingine shi sai bayan Sallah.

Abin da ya sa na zauna rubutu yau shi ne wasan daren Alhamis. A makon da ya gabata wani ɗan kallo ya zagi Jamarra Ugle-Hagan, matashin ɗan wasanmu wanda ɗan asalin ƙasar nan ne na ainihi, wato Aborijin, zagin launin fata. A wasan da ya biyo baya da Brisbane ya ci ƙwallo biyar, kuma da ya ci ta farko sai ya ɗaga rigarsa ya nuna fatar jikinsa da yatsa. Abin da Nicky Winmar na St Kilda ya yi ke nan ranar 17 ga Afirilu, 1993, a filin Victoria Park, a gaban magoya bayan Collingwood da suka wuni suna zaginsa.

Da safen nan Dattijo yana riƙe mini ƙarshen katako ina buga ƙusa, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, yana filin a ranar ta 1993. Ya ce shi bai yi zagi ba, amma na kusa da shi sun yi, ya ji da kunnensa, bai ce musu uffan ba, kuma shekara talatin ke nan abin yana dawo masa. Ban san abin da zan ce masa ba, sai na ce ya matsa katakon sama kaɗan, ya matsa, muka ci gaba. Bayan ya tafi na daɗe a zaune a kan bokitin fenti. Ɗana yana da shekara tara, yana buga futi na yara ranar Asabar, kuma fatarsa ta fi ta Ugle-Hagan duhu. Ina so ya girma yana ganin mutane irin Aliir Aliir, wanda aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya yake kuma tsaron baya a Port Adelaide, amma ina so kuma ya san dattijon da zai iya faɗin abin da ya faɗa mini yau.

Laraba, 26 ga Afirilu

Mai aikin wuta ya saɓa alkawari sau biyu, na nemi wani. A nan doka ba ta yarda mai gida ya ja waya da kansa ba, sai mai lasisi, wanda zai ba da takardar shaida bayan ya gama. An sa soket shida da fitila huɗu, kuma na roƙe shi ya ɗora akwatunan soket a saman bango maimakon ya huda ciki, saboda kowace huda hanya ce da sauti zai bi ya fita.

Ranar Sallah ƙarama mun yi taro a cikin kwarangwal ɗin, a kan tabarmi, iska tana shiga ta ko'ina. Abokinmu na Sudan bai zo da udu ba. Tun ranar 15 ga wata da yaƙi ya ɓarke a Khartum wayarsa ba ta bar hannunsa ba, domin ƙanwarsa da 'ya'yanta suna can. Ya ci abinci kaɗan, ya dubi rufin, ya ce mini, "Malam, ka gama ɗakin nan, ina da abin da zan kaɗa a cikinsa, amma ba yanzu ba."

Jiya kuma ranar Anzac ce, hutun tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, ranar da Collingwood da Essendon suke haɗuwa tun 1995. Na jawo waya daga gida muka ɗora talabijin a kan benci. Abin da ke taɓa ni a wannan wasan kullum shi ne shirun da ake yi kafin a fara, mutum sama da 95,000 a fili ɗaya ba ka jin ko tari, sai ƙaho ɗaya. Collingwood tana baya da maki 28 a ƙarshen zango na uku, ta farfaɗo ta ci 90 da 77, aka ba Nick Daicos lambar gwarzon wasa. Dattijo ya yi ihu har ya zubar da shayinsa, kuma a nan na fara fahimtar cewa ba kalangu kaɗai zan toshe wa hanya ba.

Litinin, 29 ga Mayu

Daren jiya wajen ƙarfe goma sha biyu saura, ƙasa ta girgiza. Cibiyar girgizar tana kusa da Sunbury, arewa maso yamma da mu, kuma ba mai ƙarfi ba ce, amma ƙarar ta yi kamar mota ta daki gida. Da asuba na fita da tocila na duba daɓen garejin, tsagar da ke kusa da ƙofa ba ta ƙaru ba. Ƙasar yammacin Melbon yumɓu ce mai kumbura da damina ta tsuke da rani, don haka tsaga ba baƙuwa ba ce a nan.

Na gama cusa audugar gilashi a tsakanin ginshiƙan bango uku. Tana sa ƙaiƙayi ko da an sa safar hannu da takunkumi. Sanyi ya shigo sosai, ƙarfe biyar da 'yan mintoci rana ta faɗi.

Asabar, 24 ga Yuni

Wannan watan ya koya mini abu mafi muhimmanci a aikin, kuma ba da daɗi na koya ba. Mako biyu da suka wuce na liƙa allunan filasta na farko, masu kaurin milimita 13, na ɗauka an samu ci gaba, na kira mai kalangu mu gwada. Mun yi kamar minti arba'in da yamma. Washegari na tarar da takarda a akwatin wasiƙa daga maƙwabciyarmu ta baya, wadda ban taɓa magana da ita ba: ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, da yamma take barci, kuma ta ce kiɗan kamar a ƙarƙashin matashinta ake yin sa. Ba ta yi zagi ba, ba ta kuma ambaci hukuma ba.

A bisa doka ban wuce lokaci ba, domin a Victoria an hana kayan kiɗa su dami maƙwabta ne daga ƙarfe 10 na dare, ko 11 a ranakun Juma'a da Asabar. Amma haƙƙin maƙwabci bai tsaya a agogo ba, kuma ko dokar kanta ta ce ƙara mai wuce kima laifi ce a kowane lokaci. Akwai wata ƙa'ida da jihar nan ta kafa a 2014 don kare gidajen kiɗa, wadda ta ce wanda ya kawo canji shi ke ɗaukar nauyin toshe sauti: idan an gina sabon gidan kwana cikin mita 50 daga tsohon gidan kiɗa, mai ginin ne zai kashe kuɗin, idan kuwa gidan kiɗan ne sabo, nauyin yana kansa. Ƙa'idar ba ta shafi gareji irin nawa ba, amma hukuncinta a kaina a fili yake. Matar nan tana barcinta kafin in zo da kalangu, ni ne mai kawo canji.

Ƙa'idar tana da tarihi. A farkon 2010 tsauraran sharuɗɗan lasisi suka sa aka rufe Tote, tsohon gidan kiɗa a unguwar Collingwood, sai mutane kimanin 20,000 suka yi zanga-zanga zuwa majalisar jiha ranar 23 ga Fabrairu, don kawai a bar makaɗa su yi kiɗa a gaban jama'a. A bana ma da aka sa gidan a kasuwa, jama'a sun tara dala miliyan uku ta intanet don kada ya koma gidajen haya. Ni ba mai shiga irin waɗannan wuraren ba ne, saboda giya ce ke riƙe da su, amma ina girmama garin da ya ɗauki makaɗi da muhimmanci haka. A wurinmu ana son kiɗa a biki da suna da naɗin sarauta, amma sau da yawa ba a son makaɗin ya zauna a tabarma ɗaya da masu gida, kuma mai kalangunmu ya sha gaya mini cewa a Melbon ne aka fara tambayarsa sunan kayan kiɗansa da ladabi.

A cikin watan nan ne kuma na kai yara Victoria Park kallon Community Cup, wasan sadaka na shekara-shekara da ake yi tun 1993, inda makaɗan gari, Rockdogs, suke karawa da ma'aikatan gidajen rediyon al'umma na Triple R da PBS, wato Megahertz. Kuɗin yana tafiya ga Reclink, mai shirya wasanni da fasaha ga marasa galihu. Wasan kansa ba na gwanaye ba ne, amma ana kiɗa a dandali kafin a fara da lokacin hutu, yara da karnuka suna cika filin, kowa da ƙwallonsa. Na tsaya a kan ciyawar na nuna wa ɗana wajen da Winmar ya ɗaga rigarsa. A watan Afirilu Collingwood ta nemi gafararsa a hukumance.

Shawarar da na yanke: za a ƙara allo na biyu a kan na farko, a kan siraran ƙarafa masu raba allo da katako don kada girgiza ta bi ta ginshiƙi, a kuma toshe kowace kafa da danƙo. Tagar baya za ta tafi gaba ɗaya. Ɗakin zai ragu da kusan santimita huɗu ta kowane gefe, kuɗin kuma ya haura abin da na tsara.

Lahadi, 23 ga Yuli

Da Babbar Sallah uwargida ta soya nama ta zuba a kwano, ta ce, "Maigida, takarda ba ta amsa takarda, tashi mu je." Muka zagaya layin baya muka ƙwanƙwasa. Matar ta yi mamaki, ta karɓa, ta kawo jadawalin aikinta ta nuna mana makonnin da take dare da waɗanda take rana. Yanzu jadawalin yana manne a bangon garejin, da shi muke sa ranar kiɗa.

Allo na biyu ya hau bango uku da silin. Ɗaga allon silin aikin mutum uku ne, ni da mai kalangu muna riƙe da kawunanmu, Dattijo yana ɗaure sukurori yana faɗa mana kada mu yi numfashi. Tsayin ɗakin yanzu mita 2.41, da kyar muka tsira. Sanyi da laima sun sa fatar kalangu ta saki, sai mai shi ya ajiye shi kusa da hita na minti goma kafin muryarsa ta dawo. Ya ce a Damagaram rana ce ke yi masa wannan aikin kyauta.

Shekaranjiya Juma'a na ajiye komai muka je filin ƙwallon ƙafa na Melbon, inda 'yan matan Najeriya suka riƙe Kanada babu ci a gasar cin kofin duniya, mai tsaron gida Chiamaka Nnadozie ta tare bugun fenariti. Na ga masu ganguna a cikin 'yan kallo, na kuma lura cewa a futi ba a san wannan ba: can murya ce kawai, sai waƙar ƙungiya da ake rerawa bayan jiniyar tashi.

Litinin, 28 ga Agusta

Kakar Bulldogs ta ƙare. Mako guda da ya wuce West Coast, wadda ke can ƙasan teburi, ta doke mu a filinmu, kuma duk da mun je Geelong mun ci ranar Asabar, nasarar da ƙungiyar GWS ta samu a kan Carlton jiya ta bar mu a matsayi na tara, alhali takwas na farko ne ke shiga zagayen ƙarshe. Ƙungiyar da ke da Marcus Bontempelli a tsakiya bai kamata ta kalli watan Satumba a talabijin ba, kuma a ganina matsalar ba ta rashin gwanaye ba ce, ta rashin tsare baya ce idan ƙwallo ta kuɓuce.

A ɓangaren aiki, na gama shafe mahaɗar alluna, na goge, na yi fenti fari mai ɗan ruwan ƙasa. Na shimfiɗa roba a daɓe sannan kafet. Mun sake gwaji: mai kalangu yana ciki, ni ina tsaye a bakin shingen baya da manhajar auna ƙara a waya. Ta baya sauti ya faɗi ƙwarai, sai ka kasa kunne kafin ka ji. Ta gaba kuwa kamar ba a yi komai ba, domin ƙofar ƙarfen nan mai naɗewa ba ta tare ko tari.

A nan ne aikin ya kawo ni inda ban hango ba tun farko. Hanyar da kowa ya ba ni shawara ita ce in cire ƙofar in gina bango mai kauri, a riƙa shiga ta ƙaramar ƙofar gefe daga tsakar gida. Idan na yi haka na samu ɗakin kiɗa mai kyau, amma zauren ya mutu, domin ɗakin da sai an ratsa gida kafin a shige shi, wanda mai wucewa ba ya ganin ko akwai mutum a ciki, sunansa ɗaki kawai. Na kwana uku ina juya maganar.

Asabar, 16 ga Satumba

Dattijo ya kawo mafita a bayan ambulan: a cire ƙofar ƙarfe, a gina bango mai allo biyu-biyu, a bar masa baki mai faɗin mita 1.6 da ƙyaure biyu na katako mai nauyi, masu roba a gefuna. Lokacin kiɗa a rufe su ruf, sauran lokaci a wangale su ga titi. Na sanar da mai duba gini, ya amince da gyaran zanen. An cire ƙofar ƙarfe jiya da rana, da dare kuma Carlton ta fitar da Melbourne da maki biyu, ɗiyata ta yi ta tsalle a kan sabon kafet. Da yammacin nan aka sanar da rasuwar Ron Barassi, wanda ya ci kofi a matsayin ɗan wasa da mai horarwa, Dattijo ya cire hularsa da ya ji.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Bangon gaba ya tsaya, amma ƙyauren ba su iso ba kafin wasan ƙarshe na gasar AFL tsakanin Collingwood da Brisbane, don haka ranar Asabar 30 ga Satumba bakin zauren a buɗe yake, na rataya labule kawai don hasken rana kada ya kashe talabijin. Ban gayyaci kowa ba sai Dattijo da abokaina biyu. Kafin a fara wasa mun kai goma sha huɗu. Wani ɗan Vietnam da ke ƙarshen layi, wanda shekara shida muna ɗaga wa juna hannu kawai, ya tsaya da karensa ya tambayi maki, aka matsa masa ya zauna. Ma'aikaciyar jinyar ta zo da kek, ashe 'yar Brisbane ce ta haihuwa, ta zauna a gefe ɗaya da gyalenta mai ruwan jan goro, Dattijo a ɗaya gefen da nasa baƙi da fari.

Mutum 100,024 ne suka cika MCG. Ƙungiyar KISS ta Amurka ce ta yi kiɗan buɗewa, da wuta da hayaƙi da rana tsaka, kuma ko da yake an yi aikin da gwaninta, ni dai na fi son a ce garin da ke da makaɗa a kowane lungu ya ba nasa wannan dandalin. Wasan kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, gaba tana komawa baya, baya tana komawa gaba, har cikin mintocin ƙarshe. Bobby Hill ya ci huɗu ya kuma yi wata cafka a kan kafaɗun mai tsaronsa da ta tayar da mu duka tsaye. Brisbane ta wuce gaba saura 'yan mintoci, Jordan De Goey ya maido, Steele Sidebottom ya ƙara daga nesa, aka tashi Collingwood 90, Brisbane 86, kofin Collingwood na 16 ke nan. Da Peter Moore ya miƙa kofin ga ɗansa Darcy, kyaftin ɗin ƙungiyar, Dattijo ya rufe fuska da gyale yana kuka, matar da ƙungiyarta ta sha kashi ita ce ta miƙa masa ruwa.

Bayan magariba mutane sun ragu, sai abokinmu na Sudan ya fita zuwa motarsa ya dawo da udu. Ƙanwarsa ta samu fita daga Khartum ta isa wajen dangi. Ya dubi ma'aikaciyar jinyar ya tambaye ta ko tana da aiki a daren, ta ce sai Litinin. Ya ɗaure wayoyin a hankali, ya fara wani sanyayyen kiɗa da ya ce kakarsa tana rera shi da Hausa a bakin kogin Nilu, mai kalangu ya shiga daga ƙasa-ƙasa, da tafin hannu ba da makaɗi ba. Ni ban ɗauki jitata ba. Mun tsaya ƙarfe goma da rabi.

Abin da ya rage: ƙyauren biyu sun iso ranar Alhamis, kowanne ya fi kilo 35, kuma na hagu yana cijewa a ƙasa, sai an fere masa milimita huɗu. Babu hanyar iska tukuna, idan aka rufe ɗaki da mutum biyar za a galabaita cikin rabin awa, ga bazara tana tafe, don haka sai na gina akwatin iska mai lanƙwasa biyu da fanka a bangon gefe. Akwai katakon gindin bango, da maratayar kayan kiɗa, da benci a waje ƙarƙashin indararo, sannan mai duba gini ya zo dubawar ƙarshe. Dattijo ya ce zai kawo abin fere katakonsa ranar Asabar da ƙarfe tara.